Daura da Farashin Rufe Ƙofa

Duk lokacin da yaƙi ya lafa, masu mulki kan rabu gida biyu a kan yadda za a hana shi dawowa. Wasu suna kira ga tsaron haɗin gwiwa, wato ƙasashe su ƙulla alkawarin cewa wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa su duka, wasu kuwa suna ganin mafita ita ce ware kai, wato kowace ƙasa ta ja ƙofarta, ta daina ɗaukar nauyin rigimar da ba tata ba. Masu wannan muhawara galibi suna zaune ne a manyan birane, nesa da inda hukuncinsu yake sauka, don haka ya dace a auna ta daga masarautar Daura, wadda ƙananan hukumominta na Mai'aduwa da Zango da Baure suke manne da Jamhuriyar Nijar.

Misalin da masana suka fi ambata shi ne na Amurka bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shugaba Woodrow Wilson ne ya matsa aka sanya ƙungiyar ƙasashen duniya ta farko a cikin yarjejeniyar Versailles ta 1919, amma majalisar dattawan ƙasarsa ta ƙi amincewa, domin Sanata Henry Cabot Lodge da magoya bayansa sun ji tsoron sashe na 10, wanda zai iya jan Amurka cikin yaƙi ba tare da izinin majalisa ba. A Maris 1920 ƙuri'a 49 suka goyi baya, 35 suka ƙi, ba a kai kashi biyu cikin uku da ake buƙata ba. Ƙungiyar ta rayu gurguwa, kuma da Italiya ta afka wa Habasha a 1935, takunkumin da aka ƙaƙaba mata bai haɗa da man fetur ba. Amurkar da ta ja ƙofa, yaƙi ya iske ta har gida a 1941.

Daura ba ta buƙatar tsallaka teku kafin ta fahimci wannan. A labarin Hausa Bakwai, wanda ya ɗauki Daura a matsayin uwa, an ce an raba wa garuruwan aiki, aka bar wa Gobir yaƙi da tsaron arewa, Kano da Rano suka riƙe rini, Katsina da Daura kuma suka riƙe kasuwa. Ko da masanin tarihi zai ce hikaya ce, hikayar tana nuna cewa magabata sun san gari ɗaya ba ya iya tsare kansa. Abin da ya biyo bayan jihadi ya tabbatar da haka ta hanya mai ɗaci. Da Malam Isiyaku ya kori Sarkin Gwari Abdu daga birni a farkon ƙarni na 19, ƙasar ta tsage uku: Daura a ƙarƙashin tutar Sakkwato, sai zuriyar tsohon gidan sarauta a Zango da Baure. Ba a yi sulhun da zai haɗa 'yan'uwan ba, kowa ya tsaya a kan bakansa, kuma ƙarshen abin shi ne Zango da Baure suka koma biyan gaisuwa ga Damagaram, wadda ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimu. Sai a 1906 Turawan Ingila suka mayar da Malam Musa kan gadon Daura, a shekarar da suka sake daidaita iyaka da Faransa, bayan yarjejeniyoyin 1890 da 1898 da 1904. Waɗannan takardu sun kawo zaman lafiya tsakanin Landan da Faris, amma ba a tambayi ko mai unguwa ɗaya ba kafin a ja layin da ya bar wa a Nijeriya, ƙane a Nijar.

Wannan tsohon aibi na yanke hukunci a bayan idon mutanen iyaka shi ne ya sake bayyana bayan sojoji sun hamɓarar da Shugaban Nijar Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yuli 2023. Ƙungiyar ECOWAS ta zauna a Abuja, ta ba da wa'adin mako guda, ta yi barazanar amfani da ƙarfi, Nijeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarki. Hujjar ƙungiyar ba ta banza ba ce, domin juyin mulkin da aka bari ya wuce salin alin yakan haifi wani. Sai dai takunkumin bai girgiza jagoran juyin mulkin, Janar Abdourahamane Tchiani, ba. Waɗanda suka ji a jikinsu su ne direbobin da motocinsu suka yi layi a Kwangwalam, da dillalan dabbobi na kasuwar Mai'aduwa, da iyalan da ke da surukai a Matamaye da Magarya. Mutanen yankin ma ba su gama farfaɗowa ba daga rufewar Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, wadda, abin mamaki, shugaban ƙasa ɗan Daura ne ya yi ta, har aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka.

A nan ne ya kamata a bambanta abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Da majalisar dattawan Nijeriya ta ƙi goyon bayan yaƙi a Agusta 2023, wasu sun kwatanta ta da 'yan ware kai na Amurka, alhali kwatancen bai zauna ba. Sanatocin Amurka sun ƙi shiga ƙawance ne, na Nijeriya kuwa sun ƙi a juya ƙawance ya zama makami a kan ɗan gida. Shaidar hakan ita ce waɗanda suka fara buɗe ƙofar magana a Yamai daga ɓangaren Nijeriya ba janar-janar ba ne, sarakuna ne da malamai: Muhammadu Sanusi na II ya ga Tchiani tare da Sarkin Damagaram, sannan ayarin malamai ƙarƙashin Shaihu Abdullahi Bala Lau ya biyo baya. Damagaram ɗin da ta taɓa karɓar gaisuwa daga Zango, ita ce ta zama tsani.

Laifin bai tsaya a Abuja ba. ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairu 2024, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren iyakar a Maris, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun ci gaba da shirin ficewa, wanda ya tabbata a Janairu 2025, daga bisani kuma Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi. Fushin Yamai yana da dalili, amma fushi ba ya gadin daji. Ɗan bindigar da ke satar shanu a ƙasar Katsina ya tsallaka da su Maraɗi ba ya neman izinin kwastan, kuma duk ranar da jami'an tsaron ƙasashen biyu suka daina musayar labari, shi ne kaɗai yake cin riba.

Abin da ya rage wa gwamnatocin biyu, ko da ƙungiyoyinsu sun bambanta, shi ne yarjejeniya ta kai tsaye a kan sintiri da bin sawun ɓarayi da barin kasuwanni a buɗe, wadda Sarkin Daura Umar Faruk Umar da takwarorinsa na Katsina da Maraɗi da Damagaram za su kasance cikin masu tsara ta tun daga farko, ba a kira su bayan abu ya ɓaci ba. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, zai ratsa ta Daura, kuma kafin jirgin farko ya tashi dole ne a san wanda zai tsare shi a kowane gefen iyaka.