Fim ɗin da ba a faɗuwa jarabawa

Jiya da daddare abokin ɗakina ya tarar da ni ina kallon Beach Party, tsohon fim ɗin Amurka na 1963. Ya ce, "Haba malam, ɗan mastas guda, ka rasa abin kallo sai wannan shirmen?"

Shirme ne, ban musa ba. Frankie Avalon, wanda dama mawaƙi ne, da Annette Funicello sun tafi hutu bakin teku a Kalifoniya. Ɗan kishi, ɗan rawa, ana cikin magana sai a ɓarke da waƙa. Ba mai zancen karatu.

To nan daɗin yake. Sufabaiza ya dawo min da babi na uku duk jan biro. Kuɗin makaranta na jira, a gida kullum tambayar ita ce yaushe zan gama. Ka samu awa ɗaya da rabi wadda babbar matsala ita ce wa ke son wa, ai wannan magani ne.

Wanda ya fi kama da ni a fim ɗin shi ne farfesan nan da ya laɓe yana leƙen matasan, wai bincike yake kan ɗabi'unsu. Kowa na shaƙatawa, shi yana ta rubutu. Ni ma shekara biyu ina Legas, ban taɓa taka bakin teku ba.

Ban ce mu kwaikwayi shigarsu ba, kowa da al'adarsa. Amma hutu ba laifi ba ne. Ranar Asabar zan rufe kwamfuta in je. Wa zai raka ni?