Kada Ku Rataye Zoben Lilo A Ƙugiyar Fanka

Idan ɗanku ko 'yarku ta nuna muku bidiyon wata matashiya zaune cikin zoben ƙarfe da ke reto a sama, ta ce a sayo mata, ku dakata tukuna. Wannan zobe, wanda ake kira lira, kayan aikin 'yan wasan alkafura ne na ƙasashen Turai da Amurka, kuma makarantu ake shiga a koye shi, irin wadda aka kafa a birnin Mantiriyal na Kanada a 1981. Masu tallarsa a intanet suna cewa salon farko mai sauƙi ne, kowa zai iya a ɗakinsa. Wannan magana yaudara ce.

Ku dubi salon da ake fara koya wa ɗalibi, wanda suke kira mutum cikin wata. Zai zauna a karkace cikin zoben, ya jingina bayansa da gefe guda, ya tokare ɗaya gefen da tafin ƙafa. A hoto kamar mai hutawa. Amma ta yaya ya hau? Galibi sai ya kama ƙasan zoben da hannu biyu, ya ɗaga ƙafafu ya maƙale shi da bayan gwiwa, kansa na kallon ƙasa, sannan ya ja jikinsa ya zauna. Wato kafin ya kai ga zaman da ake kira mai sauƙi, sai ya bi ta inda wuyansa ne zai fara taɓa ƙasa idan hannu ya kuɓuce. Hannun sabon shiga kuwa yana saurin gajiya, ga gumi, ga ƙarfe mai santsi. Ba sai an faɗo daga saman bene laka take taɓuwa ba. Faɗuwa ta ka daga tsayin ƙirji kan siminti ta isa ta kwantar da yaro har ƙarshen rayuwarsa.

Sai batun maratayi, inda gangancin ya fi yawa. Ƙugiyar da ke rufin ɗakinku don fanka aka kafa ta. Jikin da ke reto ko ya fizgu yana ɗora wa maratayi nauyin da ya ninka nasa, shi ya sa masu wannan sana'a suke neman kayan da za su ɗauki ninkin nauyin mutum sau da yawa. Ko su ɗin ba su tsira ba. A watan Mayun 2014, a birnin Furobidens na Amurka, maƙalin ƙarfe guda ɗaya ya karye ana tsakiyar wasan Ringling, mata takwas da ke rataye da gashin kansu suka faɗo a gaban 'yan kallo. Ba zobe suke kai ba, amma irin wannan maƙalin ne ke riƙe zoben. To ina ga reshen mangwaro da igiyar guga?

Ba cewa nake wasan ba shi da amfani ba. Yana gina ƙarfin kafaɗa da na ciki. Amma ana koyonsa ne da malami a tsaye kusa da ɗalibi, zoben an sauko da shi ƙasa ƙasa, da katifar wasa mai kauri a shimfiɗe. Katifar kwana ba ta maye gurbinta.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su juya kai ƙasa ba sai likita ya amince: mai hawan jini, mai hawan jinin ido, mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan. Kwanciyar jini a bayan gwiwa abu ne da aka saba gani ga masu koyo, sai dai ga mai shan maganin tsinka jini kamar wafarin, ba abin rainawa ba ce.

Idan kuma an riga an faɗi, yaro yana kukan wuya, ko hannu da ƙafa sun yi masa sanyi ko sun mutu, kada ku ɗaga shi ku zaunar, kada ku kira mai ɗori ya ja wuyan. Ku riƙe kansa yadda yake, ku nemi ma'aikatan lafiya su ɗauke shi a miƙe zuwa asibiti.