Nigelec na son zuwa BAL? To, ta waiwayo Maraɗi

Duk shekara in damina ta ja baya, masu bin ƙwallon kwando a Nijar sukan koma kan tambaya guda: shin bana Nigelec za ta tsallake wasannin share fage ta shiga gasar BAL? Ƙungiyar kamfanin lantarkin ta fara neman wannan gurbi tun 2019. An buɗe gasar a Kigali a 2021, Zamalek ta Masar ta ɗauki kofin farko, US Monastir ta Tunisiya ta biyo baya, sai Al Ahly, sai Petro de Luanda ta Angola a 2024. A duk waɗannan shekaru babu kulob ɗin Nijar ko ɗaya da ya taka filin.

Mu ƙaddara ta riƙe kambin ƙasa ta sake fita neman gurbi a kakar da ke tafe. Da ganin jerin 'yan wasanta kowa zai fara tambaya: Ba'amurke nawa aka ɗauko? Ni kuwa tambayata daban ce: su wa ke zaune a benci, kuma daga wane gari aka samo su?

Dokar da aka fara BAL da ita ta ce aƙalla 'yan wasa 8 a kowace ƙungiya su kasance 'yan ƙasa, baƙi kada su wuce 4, kuma 2 kawai daga cikinsu za su fito daga wajen Afirka. An sassauta dokar daga baya, amma lissafin fili yana nan yadda yake. Mutum 5 ne ke wasa a lokaci guda, minti 40 ake bugawa, wanda ya yi laifi 5 an fitar da shi. A share fage kuwa sau da yawa wasanni a jere suke zuwa, yau da gobe da jibi. Baƙon da aka ɗauko saura mako biyu zai iya ci maka wasan farko. Ranar ta uku, in ƙafa ta yi nauyi, 'yan gida da ke benci ne za su ɗauki kayan. Kowa ya san ƙarshen mai dogara da kayan aro.

Mu duba Abdoulaye Harouna. Ɗan Nijar ne, ya yi karatu da wasa a jami'ar Miami ta jihar Ohio a Amurka, ya kuma sa rigar Nigelec a share fage. Ya buga BAL da FAP ta Kamaru a 2021, da AS Salé ta Maroko a 2022, da ABC Fighters ta Kodebuwa a 2023, da AS Douanes ta Senegal a 2024. Ƙasashe huɗu sun ci moriyarsa a babban fage, kulob ɗin ƙasarsa yana kallo a talabijin. Ashe Nijar tana iya haifar gwani. Abin da ya gagara shi ne a tara masa abokan wasa takwas ko goma masu kusantar matsayinsa, kuma ba a tara irin wannan taro daga unguwannin Yamai kaɗai.

A nan Maraɗi ke shigowa. Jihar na cikin mafi yawan jama'a a ƙasar, ga jami'ar Dan Dicko Dankoulodo cike da matasa, ga makarantun sakandare a birni da Tibiri da Jiratawa. Mun ma san yadda ake zaƙulo gwani, don kokowa ta koya mana. Ana faro zaɓe daga ƙauye, a haura gunduma, a kai jiha, kafin a fita neman takobi. Ta wannan hanya Kantu ya ɗauko wa Maraɗi takobin farko a 1975. Dogon yaron da ke jan ruwa a garakar zogale a Jiratawa, in yana da ƙarfin kokowa, labarinsa zai kai birni kafin kaka. In kuma baiwarsa ta jefa ƙwallo a kwando ce, wa zai gan shi?

Wani zai ce raino na cin shekaru, kaka kuwa ga ta a bakin ƙofa. Gaskiya ne. Yaron da aka gano bana a Tibiri ba zai ci wa Nigelec wasa a wannan kakar ba, kuma ban ce a daina ɗauko baƙi ba. Amma tun 2019 ake gaggawar kakar da ke tafe. Da an ɗauki ɗan shekara 14 a wancan lokaci, da yau shi ke cikin biyar ɗin farko.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Na farko, a ware gurabe biyu a jerin bana ga matasan da aka zaɓo daga jihohi ta hanyar gwaji a bainar jama'a, a fara da Maraɗi. Na biyu, kamfanin da sana'arsa wuta ce ya haskaka fili ɗaya a Maraɗi, ɗaya a Tibiri, ɗaya a Jiratawa, domin a zafin bazara ba a iya atisaye sai rana ta faɗi. Na uku, hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ta shirya gasar makarantu tsakanin garuruwan uku, masu horarwa na Yamai su zo su kalla. Na huɗu, Nigelec ta yi zangon shiri a Maraɗi ta gayyato Kano Pillars, wadda ta zo ta uku a gasar kulob-kulob ta Afirka a Alƙahira a 2016. Daga Maraɗi, Yamai ta fi kilomita 600, Kano kuwa ba ta kai rabin haka ba.

'Yan kasuwar Maraɗi ma da nasu alhakin. Waɗanda ke zuba kyaututtuka a filin kokowa ba za su kasa sayen kwanduna da ƙwallaye da takalma ba.

Hasashena game da kakar da ke tafe shi ne: da baƙi nagari Nigelec na iya tsallake zagayen farko, amma a zagaye na biyu, inda ake haɗuwa da zakarun ƙasashe masu zurfin benci, hanya za ta yi wuya. Ranar da aka fitar da jerin sunayen, mu duba ko akwai ɗan Maraɗi a ciki. In babu, mu tambayi masu kulob ɗin yaushe za su zo gwaji.