Zuwa ga likitocin haƙori masu yi wa muƙamuƙi allurar Botox



Mai cizon haƙora cikin barci ba shi yake jin ƙarar ba, matarsa ke ji. Shi dai yakan tashi da ciwon kai a gefen goshi, muƙamuƙi ya sage, turamensa sun sheme, cikon da aka yi masa bara ya fashe. Irin wannan mutum ne yanzu ake gaggauta yi wa allurar dafin botulinum, kuma gaggawar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Dafin yana hana jijiya sakin sinadarin da ke umartar tsoka ta ɗame. Iyakar aikinsa ke nan. Umarnin cizon kuwa daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, kuma binciken da aka yi a ɗakunan nazarin barci ya nuna ƙarfin cizon ne ke raguwa, yawansa na nan. An rage wa injin niƙa ƙarfi ne, ba a kashe shi ba. Bayan wata 3 zuwa 4 tsoka ta farfaɗo, majiyyaci ya dawo da kuɗinsa a hannu. Ku faɗa masa haka tun kafin ku buɗe kwalba. Ku kuma sanar da shi cewa hukumar FDA ta Amurka, wadda ta amince da maganin tun 1989 don harara-garke da ƙiftawar ido, ba ta sa cizon haƙora cikin jerin ba.

Kafin allura, a yi tambaya. Yana munshari har numfashi ya ɗauke? Yana shan maganin damuwa irin su fluoxetine? Goro nawa yake ci bayan la'asar, shayi kofi nawa, sigari fa? Ya taɓa gwada robar da ake sawa a baki da dare? Da yawa a nan matsalarsu ke warwarewa.

In ta kama sai an yi, to a sa shi ya cije, a lalubo tsokar muƙamuƙi da yatsa, a tsaya ƙasa da layin da ya taso daga kunne zuwa kusurwar baki, a nisanci gefenta na gaba. Wanda ya kauce, maganin zai malala zuwa tsokar murmushi, ya bar bawan Allah da karkataccen baki na makonni, ga shi babu makari. A fara da kaɗan. Ƙari mai sauƙi ne. Ma'aunin Botox daban yake da na Dysport, kada a lissafa ɗaya da ɗaya. Mai juna biyu da mai cutar myasthenia gravis a ƙyale su, haka wanda ake yi wa allurar gentamicin, don tana ƙara wa dafin kaifi.

Sai batun kwalbar kanta. Ajiyarta tsakanin digiri 2 ne zuwa 8, kuma kun san halin wutarmu. Ko a Amurka, jabun Botox ya kwantar da mutane a asibiti a 2024. Duk dillalin da ya kawo muku ita da araha cikin jakar hannu, ku tambaye shi inda ta kwana.

Wassalam,
Wani abokin aikinku