Hannu Na Birki Ne, Mu Ɗaure Tocila a Jikin Keke

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar cewa tallafin mai ya tafi, keke ya dawo da martabarsa a makarantar nan. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta tsallake 1,000, kuɗin adaidaita sahu kuma ya bi sawunta. Duk wanda ke shigowa da safe ya ga yadda gindin bishiyoyi ke cika da kekuna: tsofaffin Phoenix da aka kakkaɓo daga zaurukan gidaje, da 'yan gwanjo, da na ƙannenmu da muka ara ba ranar mayarwa. Wannan ba abin kunya ba ne, dabara ce. Abin da ke damuna shi ne yadda muke komawa gida bayan magariba.

Ku tsaya a bakin ƙofa ranar da aka tashi daga laccar yamma a makare, ku ƙirga. Wani ya riƙe tocila a hannun hagu yana tuƙi da dama. Wani ya cije ta a baki. Wani ya kunna hasken waya ya ɗaga ta sama, kamar mai neman sabis. Mafi yawa kuwa ko ɗaya babu, sun dai shiga duhu suna fatan Allah ya kai su lafiya. Ra'ayina a nan ɗaya ne: tocilar da ba a ɗaure ta a jikin keke ba, ba ta zama fitilar keke ba tukuna, kuma mu da muke kiran kanmu 'yan kwalejin kimiyya da fasaha ba mu da uzurin kasa ɗaure ta.

Bari mu yi ɗan lissafi, tunda duk mun ci jarrabawar lissafi kafin a ɗauke mu. Mai keken da ke tafiyar kilomita 15 a awa ɗaya yana cin sama da mita 4 a kowace daƙiƙa. In ya ɗan ƙara ƙaimi zuwa kilomita 20, ya zama mita 5 da rabi. Daga lokacin da idonka ya ga rami zuwa lokacin da yatsunka suka matse birki, aƙalla daƙiƙa guda ta wuce, sannan keken ya ƙara jan ƙasa kafin ya tsaya. Wannan fa ga wanda hannayensa biyu ke kan keke ke nan. Wanda ya ba tocila hannu ɗaya ya rage wa kansa birki ɗaya. In na baya ne ya rage masa, tayar ta ja ƙasa ta ƙi tsayawa da wuri. In na gaba ne, ya matse shi da hannu ɗaya a firgice, kan keken ya murɗe ya watsar da shi. Taura biyu ba ta taunuwa. Mai cizon tocila kuwa, ranar da ya faɗi, haƙoransa ne za su biya kuɗin. Mai ɗaga waya shi kuma talla yake yi wa masu ƙwacen waya, ya haska musu abin da za su ƙwata da kuma inda yake.

Na san abin da wasu za su ce: “Ai na san hanyar nan kamar tafin hannuna.” To, malam, ka san hanyar, amma ka san inda aka juye yashin gini yau da la'asar? Ka san inda akuya ta kwanta? Kuma ko da ka haddace kowane rami, aikin fitila biyu ne: ka gani, kuma a gan ka. Direban da ke fitowa daga kwana bai haddace ka ba. Keke ba shi da ƙarar inji da zai sanar da zuwansa. In ga hunturu, rana ta faɗi tun wajen ƙarfe shida, ga hazo, ga ka cikin baƙar riga, wallahi kai da duhu duk ɗaya ne a idon mai mota. Ba a banza ba dokar Birtaniya ta wajabta wa mai keke farar fitila a gaba da ja a baya daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. Iyayenmu ma sun san haka: kekunansu na Raleigh da Phoenix da yawa suna da fitilar dainamo, wadda ke gogar taya ta ba da wuta. Mu ne muka gaji keken muka yar da fitilar.

Wasu kuma za su ce kuɗi. Gaskiya ne, fitilar keke ta kanti mai maƙalinta ba kowa ke iya saye ba a wannan yanayi. Amma kusan kowane ɗalibi yana da tocila mai caji saboda karatun dare in an ɗauke wuta. Abin da ya rage shi ne a haɗa ta da keken, kuma kayan haɗin suna zube a gaban kowane mai faci.

Matsalar da za a warware guda uku ce. Hannun keke bututu ne mai santsi da ya gitta daga hagu zuwa dama, tocila kuma bututu ce da ke kallon gaba, saboda haka a wuri ɗaya tak suke taɓa juna. Na biyu, in kan tocila ya fi gindinta nauyi, kullum so take ta sunkuya. Na uku, girgizar hanya tana sassauta duk wani ɗauri a hankali. Shi ya sa salatif da igiyar leda ba sa kai mutum ko'ina: zafin rana ya narkar da gam, tocilar ta koma haska tayar gaba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta roba. Ka karɓi tsohon tiyub ɗin babur wurin mai faci, ka yanka shi a gicciye ya ba ka zobba masu faɗin yatsa biyu. Ka samu ɓallin tsohon silifas mai kauri, ka fafe masa kwari a ƙasa inda zai hau hannun keke, da wani kwarin a sama, gicciye da na farko, inda tocila za ta kwanta. Ka fara naɗa roba a hannun keken don kashe santsi, ka ɗora ɓallin, ka ɗora tocila. Sai ka rataya zobe a wuyanta, ka ja shi ta ƙarƙashin hannun keke, ka maƙala a gindinta. Ka ƙara zobe na biyu, don in ɗaya ya tsinke ɗaya ya riƙe. Kafin ka ɗaure, ka ɗora tocilar a kan yatsanka ka nemo inda nauyinta ya daidaita. Nan ne ya kamata ya hau kan ɓallin. Amfanin wannan ɗauri shi ne kana cire ta cikin daƙiƙu ka jefa a jaka in ka shiga aji, wanda ya amsa wa masu cewa za a sace.

Wanda ke son abin da ya fi ƙarko, ya nemi kilif biyu na ƙarfe, irin wanda makanikai ke ɗaure bututun lagireto da shi. Ka sarƙa ɗaya cikin ɗaya, guda ya kama hannun keke, guda ya kama tocila, ka sa roba a ƙarƙashin kowanne, ka ɗaure. Kada ka matse na tocilar fiye da kima, musamman in jikinta na roba ne, ko kuma tana ɗauke da batirin litiyom irin 18650, wanda ba ya son matsi ko huji. Kowace hanya ka bi, ka ɗaure ta kusa da tsakiyar hannun keke, inda ba za ta taɓa wayar birki ko sandarsa ba, sannan ka zarga igiyar gindinta a jikin keken, ko ta kuɓuce ba za ta faɗa cikin taya ba.

Daga nan sai gwaji, don injiniya ba ya cewa “ai zai yi”. Ɗaga tayar gaba kamar taƙi ɗaya ka sake ta, sau uku. In hasken ya sauya wuri, ɗaurin bai yi ba. In ya yi fari-fari yana ɗaukewa, batirin ne ke rawa a ciki, sai a duba sifirin ɗinsa. Roba kuma rana na cinye ta, ka riƙa dubawa, in ta fara tsagewa ka canja.

Akwai abin da masu fitila da kansu ke ɓatawa, shi ne saiti. Tocilolin yanzu suna da ƙarfi, kuma haskensu zagaye yake fita, ba kamar na mota da aka yanke samansa ba. A Jamus doka ce ta hana fitilar keke kashe wa mai tahowa ido. In ka dalle wa ɗan babur ido, ka makantar da mutumin da ke nufo ka da gudu, kai ne kuma a gabansa. Ka tsaya kamar mita 5 daga bango, ka karkatar da tocilar har tsakiyar hasken ya sauka ƙasa da tsayin hannun keken. A hanya sai ka ga ya faɗi ƙasa 'yan mitoci a gabanka, inda ramin yake. Ka kuma daidaita gudunka da iyakar abin da kake gani.

Bayan keke ma yana da haƙƙi. Motar da ke bin ka ba ta ganin fitilar gaba. Ƙaramar tocila da aka rufe bakinta da jar leda, aka ɗaure ta ƙarƙashin sirdi tana kallon baya, ta wadatar. Ja fa, kada a sa fari, don farin haske yana gaya wa direba cewa tahowa kake. A ƙara da jan tef mai ƙyalli, irin na bayan tireloli, a madigadi ko kariya. Kuma a riƙe hannun dama, kamar yadda ƙasar nan ke tuƙi tun 1972. Fitila ba ta wanke laifin bin hannun da ba naka ba.

Yanzu ga ƙorafina ga mu kanmu. Muna da sashen injiniyan kanikanci, muna da masu walda, muna da 'yan lantarki da ke haɗa da'ira da ido a rufe. Kowace shekara 'yan ND da HND suna ƙera kayan kammala karatu da za a jingine a kusurwar ɗakin gwaji ƙura ta rufe su. Me zai hana wani ya ɗauki maƙalin tocila mai araha, mai shiga kowane keke, ya zama aikinsa? Zane ne, da zaɓen ƙarfe, da gwajin girgiza, duk abin da ake koya mana. Kasuwarsa kuma tana fake a gindin bishiya.

Ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai ta ware Asabar guda a farkon kowane zangon karatu, a kafa tebur a wurin ajiye kekuna. A kawo tiyub, da kilif, da jan tef, kowa ya zo da kekensa da tocilarsa, 'yan sashen injiniya su ɗaura su saita. Kuɗin da za a kashe bai kai na rumfa da kujerun taro ɗaya ba. In ana son rana mai suna, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya tun 2018. A kuma nemi hukumar makaranta ta duba fitilun hanyar da ke tsakanin ajujuwa da ɗakunan kwana, don ita ma tana da nata kason.

Amma kada kowa ya jira tebur. Iyayenmu sun turo mu nan ne mu koma musu da takarda, da ƙafafunmu biyu. Karayar hannu a makon jarrabawa tana iya ja wa mutum maimaita darasi ko asarar shekara, ban da kuɗin asibiti da zai faɗa kan gida. Yau in ka wuce ta wurin mai faci, ka tsaya ka roƙi tsohon tiyub. Aikin bai kai rabin awa ba.