Ba Kullum Allurar Ce Ke Ƙarya Ba



Sau nawa muka rubuta cewa mai ya ƙare wa jarumi a dokar daji, alhali ba mu san abin da ya ruɗe shi ba? Mu ɗauki Fijo 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, har yau kuma tana ɗaukar fasinja. Da yawansu allurar gejin mai ta daina faɗar gaskiya, direba ya koma dogaro da jarka a but da lissafin ka.

Mu dai a ganinmu wannan sakaci ne, kuma saurin cewa "geji ya mutu" ya fi shi muni. Allura 'yar aike ce. A cikin tanki akwai fulot da ke iyo a saman fetur, yana ɗaure da siririn ƙarfe mai goga wata naɗaɗɗiyar waya. Hawa da saukarsa ne ke canza yawan wutar da ke isa geji. Shekara talatin cikin fetur mai datti ba wasa ba ce: fulot kan huje ya sha mai ya nutse, sai allura ta kwanta ƙasa ko da an cika tanki. Wayar ma kan cinye a inda aka fi gogarta, shi ya sa wata allurar ke tafiya daidai har rabi, sannan ta faɗi.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. A duba fiyus tukuna. Sannan a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, a zare wayar da ke kan tanki, a taɓa ta da jikin mota na ɗan lokaci kaɗan, nesa da bakin tankin. Idan allura ta tashi daga wannan gefe zuwa wancan, geji da wayarsa lafiya lau suke, ciwon yana tanki. Sau da yawa ma tsatsa ce kawai ta raba na'urar da ƙarfen mota, a kankare a ɗaure, shi ke nan. A tsofaffin motocin Ingila kuwa, idan gejin mai da na zafi suka haukace tare, a tuhumi 'yar na'urar da ke daidaita musu wuta a bolt 10.

Mun san za a ce mana kayan gyara sun yi wuya, kuma direban da ya san motarsa ba ya buƙatar allura. Gaskiya ne, har ranar da ya ba ɗansa aron motar, ko dare ya yi masa tsakanin gari da gari da mata da yara a baya, ba ko ɗan bumburutu.

Wanda zai buɗe tankin ya fara cire kan batir, ya yi aikin a fili, kuma kada mai sigari ya matso, domin tururin fetur ya fi fetur ɗin saurin kamawa.