Turancin Littafi da Turancin Baki

A cikin watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi na Tarayya, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwa cewa Gwamnati ta soke ƙa'idar nan ta 2022 wadda ta ce a koyar da yara da harshensu na gida har shekara shida na firamare. Ya ce da Turanci za a riƙa koyarwa tun daga ajin farko har jami'a. Dalilin da ya kawo kuwa shi ne yawan faɗuwar ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Da jin haka aka shiga gardama, waɗansu na murna, waɗansu na cewa an yi wa harsunanmu rashin adalci.

Mu dai da ke yawon duba makarantu, abin da ya dame mu dabam ne. Sau da yawa mukan shiga aji shida mu tarar yara suna rera karatun Turanci kamar waƙa, ba tuntuɓe. Amma in muka rufe littafin, muka tambayi yaro da Turanci sunan garinsu, ko nawa ya sayi fensirinsa, sai ya sunkuyar da kai. Watau yana da Turancin littafi, ba shi da na baki. Irin wannan yaro, in aka ce a koya masa lissafi da harshen da bai iya roƙon ruwan sha da shi ba, lalle an yi biyu babu: ba lissafin, ba Turancin.

Wannan magana an taɓa gwada ta. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa na Jami'ar Ife ya fara wani gwaji, aka koyar da waɗansu yara da Yarabanci shekara shida, Turanci kuwa aka ba shi lokacinsa dabam a hannun malamin da aka horar domin haka. Da aka auna, yaran nan ba su kasa 'yan'uwansu a Turanci ba. Abin lura a nan shi ne, samun gwanin malami ya taimake su ƙwarai. Doka ba ta sa harshe a bakin yaro, sai ya ji, ya faɗa, an gyara masa.

To, malamai, ga abin da muke gani. A fara da kalmomin yau da kullum: gaisuwa, ƙirga, ranakun mako, sunayen abinci, gaɓoɓin jiki, tambayar hanya da ciniki. Kada a ba yaro kalma ita kaɗai, a sa ta cikin gajeren zance, yara biyu su tashi, ɗaya mai tebur, ɗaya mai saye. Kalma biyar da yaro ya yi aiki da su sun fi hamsin da ya kwafa daga allo. A tuna kuma Bahaushe bai zo hannu wofi ba. Tebur, benci, bokiti, mota, burodi, asibiti, duk daga Turanci muka aro su. Sai dai mun sāke musu kama, mun cusa wasali tsakanin baƙaƙe, kuma Hausa ba ta rarrabe p da f. Sai malami ya nuna wa yaro asalin kalmar, ya sa shi ya maimaita har kunnensa ya ji bambanci.

Ku kuma akawuna da sauran ma'aikatan ofis, ku ne shaida. Kullum kuna ganin wanda ya gama sakandare ya kasa cika fom, ko karanta ƙa'idar shan magani a jikin kwalba. Minti goma da za ku yi da 'ya'yanku da dare kuna hira da Turanci ba za ta raba su da Hausa ba.

Roƙonmu ga Gwamnati shi ne, kowane harshe aka zaɓa, a fara horar da malaman ƙananan azuzuwa su iya magana da Turanci, a gwada su da baki kafin a ba su aji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace, amin.